Tambayoyinku kan lantarki: a fara da ƙusa, waya da pil

Yawancin wasiƙun wannan watan daga ƴan lise suka fito, da alama jarrabawa ta matso. Na zaɓi waɗanda amsarsu sai an sa hannu an taɓa. Duk kayan da zan ambata babu wanda sai an aiko da shi daga Yamai ko Kano. Zagaye ɗaya a Kasuwar Dole, wurin masu gyaran rediyo da masu naɗin fanka, ya isa. Sharaɗina guda ne: kafin ka haɗa komai, ka rubuta a takarda abin da kake tsammanin zai faru, da lambarsa in da hali, sannan ka haɗa ka auna.

Malam, ina ajin ƙarshe a lise, sashen kimiyya. Na haddace dokokin maganaɗisu kaf, ina kuma cin maki, amma ban taɓa ganin ko ɗaya da idona ba. Da me zan fara a gida? (Ɗalibi, Birni)

Ɗana, fara da kamfas ɗin duba alƙibla, irin wanda ake liƙawa a kan darduma. Ajiye shi a ƙasa nesa da ƙarfe, ka bari allurar ta tsaya. Miƙe waya a samanta, ta bi tsawon allurar daga arewa zuwa kudu, sai ka taɓa bakunan wayar biyu a jikin babban pil na tocila, daƙiƙa ɗaya ko biyu kawai. Allurar za ta karkace. Juya pil ɗin, ta karkace ɗaya ɓangaren. Mai da wayar ƙarƙashin kamfas, ta sake sauya gefe. Abin da Oersted ya gani ke nan a Kofanhagen a 1820, kuma daga nan aka tabbatar cewa kuran, wato wutar da ke gudu a cikin waya, da maganaɗisu ba baƙin juna ba ne. Kafin kowane juyi ka ɗaga hannun damanka, ka faɗi inda allurar za ta nufa. In ka faɗa daidai sau huɗu a jere, dokar hannun dama ta zauna maka fiye da yadda hadda za ta zaunar da ita.

Daga nan ka je wurin mai naɗin fanka ka roƙi guntun wayar tagulla mai fenti, ko ka warware ta daga tsohon tiransfoman rediyo. Ba tsirara take ba ko da ido ya nuna maka haka, akwai siririn fenti a jikinta, saboda haka dole a kankare bakunanta da reza kafin wuta ta shiga. Rabin yaran da ke zuwa mini da kukan cewa abu ya ƙi aiki, wannan fentin ne ya kayar da su. Naɗa zagaye 50 a jikin babbar ƙusa, ka haɗa da pil, ka ƙirga ƙananan ƙusoshin takalmi nawa ta ɗauka. Ƙara naɗin ya kai 100, ka sake ƙirgawa. A takarda za ka ce ninki biyu, amma da wuya ka sami ninki biyu cif, kuma a nan karatun yake. Wayar ta ƙara tsawo, turjiyarta ta ƙaru, kuran ya ɗan ragu. Ga shi kuma ƙarfe yana da iyakar maganaɗisun da zai iya ɗauka, in ya ƙoshi ko ka ƙara naɗi ba ya ƙaruwa sosai. Za ka ji wayar ta ɗau zafi, domin turjiyar mita biyu na irin wannan wayar ba ta kai om ɗaya ba (om shi ne ma'aunin turjiya), kusan ka haɗa bakunan pil ɗin ne kai tsaye. Kada ka bar shi a haɗe.

Na uku shi ne wanda na fi so. Naɗa zagaye 20 ko 30 a jikin kamfas ɗin kansa, ka juya shi har naɗin ya daidaita da tsawon allurar. Ka samu na'urar gane kuran ke nan. Yi wani naɗin na daban, zagaye 200 a jikin guntun bututun roba, ka haɗa su biyun da waya mai tsawon mita guda ko fiye, don kada maganaɗisun da za ka riƙe ya ja allurar da kansa. Babu pil a wannan karon. Cusa maganaɗisu cikin bututun da sauri: allura ta zabura ta koma. Bar shi a ciki ka tsaya cik: babu motsi. Zare shi: ta zabura ɗaya gefen. Faraday ya gano wannan a 1831, kuma duk janareton da ke ruri a garin nan a kan wannan yake tafiya. Mutumin ɗan maƙeri ne, yaron shagon ɗinkin littattafai, lissafinsa ma bai yi zurfi ba. Ka riga shi sanin lissafin, hannu ne ya rage maka.

In ka gama waɗannan, yi mota, wato injin da ke juyawa. Naɗa zagaye 12 zuwa 15 a jikin pil, ka zare, ka bar baki biyu suna miƙe hagu da dama kamar ƙarfen da taya ke juyawa a kai. Ka kafa fil biyu masu kulle a bakunan pil da salatif, ka zura bakunan naɗin cikin zobbansu, maganaɗisu a ƙasa. Sirrin yana wajen kankara: baki ɗaya a kankare shi duka, ɗayan kuwa rabin sama kaɗai. Ta haka wuta tana shiga a rabin juyi, ta yanke a ɗaya rabin, gudun da naɗin ya ɗauko ya ƙarasa da shi. In ya ƙi juyawa, yawanci nauyin naɗin ne bai daidaita ba, sai a lallaɓa shi da yatsa.

Malam, na ciro jan ƙwan LED daga tsohuwar tocila na haɗa da pil mai volt 9. Ya yi haske sau ɗaya ya mutu. Na gwada na biyu, shi ma haka. Pil ɗin ne ba shi da kyau? (Ɗaliba, Garin Malam)

Ƴata, pil ɗinki lafiyarsa ƙalau, shi ya sa ma ya kashe su. Ƙwan LED ba ya tsare kansa. Jan yana kamawa a wajen volt 2, kuma da an wuce nan kaɗan sai kuran ya yi ta hauhawa babu birki. Ƙanana irin naki miliamper 20 ne iyakarsu. Don haka ake sa masa rezistans a jere, wato ƴar na'urar da ke yi wa kuran turjiya, ita ce ke shanye rarar.

Ga lissafin, ki yi shi da hannunki. Volt 9 ne a pil, ƙwan ya ɗauki 2, saura 7, kuma dole waɗannan 7 ɗin su faɗa a kan rezistans. Dokar Kirchhoff ke nan ta 1845, wadda ya fitar tun yana ɗalibi: in kika zaga da'ira kika dawo, abin da pil ya bayar daidai yake da abin da kayan suka ci. Muna son miliamper 15, wato amper 0.015. Dokar Ohm ta 1827 ta ce a raba 7 da 0.015, ya ba da kusan 467. Mafi kusa a kasuwa ita ce om 470, mai zobba rawaya, shunayya, ruwan ƙasa. In da cajar salula mai volt 5 za ki yi aiki, om 220 ta isa: ja, ja, ruwan ƙasa. Doguwar ƙafar ƙwan ita ke kallon bakin da ke da alamar tarawa. Farin ƙwai da shuɗi sun fi cin volt, wajen 3, sai ki sake lissafin da wannan.

Abin da zan roƙi iyayenki su saya miki ɗaya ne, mita ta awon lantarki, irin ƴar rawayar nan da kowane mai gyaran salula ke da ita. Mafi arha ma ta wadatar. Ki auna volt a kan pil, a kan ƙwai, a kan rezistans, ki tara biyun ƙarshe ki gani ko sun ba da na farko. Za ki tarar pil ɗin da aka rubuta wa 9 wataƙila 8.6 yake bayarwa, rezistans ɗin 470 kuma ta nuna 462 ko 480, domin zoben zinariya na ƙarshe yana nufin an yarda ta kauce da kashi 5 cikin 100. Wannan bambancin ba kuskure ba ne, ki rubuta shi kusa da abin da kika yi tsammani. Hattara ɗaya: awon kuran a jere ake yi, a yanke hanya a sa mita a tsakani. In kika ɗora ta a bakunan pil tana kan amper, fis ɗinta zai tafi.

Da kin saba, ciro kondansater, wato na'urar da ke tara wuta ta riƙe, mai mikrofarad 1000 daga mataccen rediyo, wanda aka rubuta wa volt 16 ko 25. Cika shi da pil, ki kula da gefen da ke da alamar ɗebewa, sannan ki cire pil ki haɗa shi da rezistans mai om 10,000, mita na kallo. Mikrofarad 1000 farad 0.001 ne, in kika ninka shi da om 10,000 ya ba da daƙiƙa 10. Bayan daƙiƙa 10 ya kamata ya sauko zuwa kashi 37 cikin 100 na inda ya fara, wato wajen volt 3.3 in daga 9 ne. Ki sa ƙanwarki ta riƙe agogo tana kira duk daƙiƙa 5, ke kina rubutawa, sannan ki zana. Lanƙwasar nan da kuke zanawa a aji ba tare da kun san daga ina ta fito ba, ga ta daga hannunki.

Malam, yarona ɗan shekara 13 ya kwance rediyon babansa, ya kwance fanka, yanzu yana ido da tsohon talabijin. Ina tsoron wuta ta kashe min shi. In hana shi? (Uwa, Sabon Gari)

Hajiya, tsoronki yana kan hanya, amma hanawa ba za ta yi ba, ɓoyewa zai koma yi. Gara a shata masa iyaka. Duk abin da ke aiki da pil, daga volt 12 zuwa ƙasa, a bar shi ya yi ta kwancewa. Duk abin da ake sokawa a bango, wutar NIGELEC volt 220 ce, kuma kuran da bai kai kashi ɗaya cikin goma na amper ba yana iya tsayar da zuciya in ya bi ta ƙirji. Wannan ba nasa ba ne tukuna.

Talabijin ɗin nan mai ƙaton baya a ɗauke shi daga gabansa yau. Shi da murhun lantarki na ɗumama abinci suna riƙe wuta mai kisa a cikinsu ko bayan an zare su daga bango. Batirin salula da na kwamfuta kuma kada ya huda, kada ya haɗa bakunansu, gobara suke yi. Ƙananan maganaɗisu masu ƙyalli a nisanta su da ƙannensa, in yaro ya haɗiye biyu suna iya manne hanji. In ya fara liƙi da dalma, ya yi a tsakar gida inda iska ke kaɗawa, ya wanke hannu kafin ya sa a kwano. Sannan in akwai mai gyaran rediyo da kuka yarda da shi a unguwa, babansa ya kai shi ya riƙa zama a can lokacin hutu. Yaron da ke kwance abu yana tara sukurorin wuri ɗaya, ki sa masa ido, yana da gaba.

Ina da sola da batir mai volt 12. Fitilun ɗakin da batir yake suna haske sosai, amma na zaure, nisan mita 10, sun dushe, fankar can ma da ƙyar take juyawa. An ce mini batir ne ya gaji. (Mai shago, Mirriya)

Alhaji, kada ka sayi batir tukuna. Kunna kayan zauren duka, ka auna volt a bakin batir, sannan ka auna a zauren. In akwai tazara mai yawa, waya ce ke cinye maka wuta. Wayar tagulla mai kaurin milimita murabba'i 1.5 tana da kusan om 0.012 a kowace mita. Nisan mita 10 waya mita 20 ce, zuwa da dawowa, om 0.24 ke nan. In kayan zauren suna jan amper 5, volt 1.2 sun zube a hanya, kashi ɗaya cikin goma na abin da kake da shi. Wannan ma in wayar ta kirki ce. Akwai siririya da ake sayarwa wadda alminiyom ce aka yi wa rufin tagulla, kankare ta ka ga fari a ciki, ita asararta ta fi haka. Magani shi ne waya mai kauri, milimita murabba'i 4 ko 6, ko a matso da batir tsakiyar gida. Ka duba mahaɗai ma, wanda aka murɗa da hannu ya yi tsatsa yana cin nasa rabon, za ka ji shi da ɗumi.

Ga ƴan makaranta masu karanta wannan: volt 12 sau amper 5 wat 60 ke nan, kuma wat 60 ɗin nan da a volt 220 aka kai su, amper 0.27 kawai za su ja, asarar ba za ta kai volt 0.1 ba. Dalilin ke nan da layin da ke kawo wuta daga Katsina ta Gazawa yake ɗauke da volt 132,000, sai an iso gari tiransfoma su sauke ta.

Kakana ya ce a zamaninsu akwai rediyon da ke magana ba pil. Gaskiya ne, kuma zan iya haɗa shi? (Ɗalibi, Zango)

Kakanka bai faɗi ƙarya ba. Rediyon yana rayuwa ne da ɗan ƙarfin da eriya ta kamo daga tashar kanta. Sojoji a Italiya lokacin yaƙin duniya na biyu har da reza da bakin fensir suka riƙa haɗa shi. Kayan su ne naɗi zagaye 80 a jikin bututun roba mai faɗin santimita 5, da kondansater mai murɗawa na neman tasha daga tsohon rediyo, da diyod, wato na'urar da ke barin kuran ya bi gefe ɗaya kawai, na jamaniyom irin 1N34A ko OA79, da eriya mai tsawon mita 15 zuwa 20, da ƙarfen da aka kafa a ƙasa. Naɗin nan yana ba da wajen mikrohenri 240, in ka haɗa da pikofarad 365 ka sa a lissafin da kuka koya, za ka sami kusan kilohaz 540, farkon zangon matsakaici na tashoshin AM. Diyod na silikon ba zai yi ba, sai an kai wajen volt 0.6 yake buɗewa, na jamaniyom kuwa tun wajen 0.3.

Sai dai kada ka fara da wannan. Ba ya kama FM, tashoshin da muke ji a gari kuwa yawancinsu FM ne, AM kaɗai yake ji. Da dare ya fi dacewa ka gwada, lokacin da zangon matsakaici ke dawowa daga sama ya yi nisa. Abin saurare na salula ba zai yi magana kai tsaye ba, om 16 ko 32 ne, sai ka bi da shi ta tiransfoman tsohuwar caja mai nauyi, gefen 220 wajen diyod, ƙaramin gefen wajen kunne. Ƙasar Damagaram kuma dutse ce da fari, ƙarfen ƙasan sai an kafa shi inda ake zubar da ruwan wanke-wanke. Eriya ta yi nesa da wayar wuta, da damina kuma da hadari ya taso a kwance ta.

Malam, na ga bidiyo da yawa a TikTok na janareto marar mai: maganaɗisu kawai da fanka, yana kunna ƙwai har da firij. Na tara kuɗi zan haɗa. Wane maganaɗisu ya fi? (Mai gyaran babur, Magarya)

Ƙanena, riƙe kuɗinka. Akwai batir a ɓoye, ko waya ta bi ƙarƙashin tebur, ko an yanke bidiyon. Ba sai ka yarda da ni ba, gwaji biyu za su nuna maka.

Nemo injin tsohuwar firinta, irin mai wayoyi huɗu, wanda in ka murza shi kake jin yana ƙas-ƙas. Da mita ka gano wayoyi biyun da ke naɗi ɗaya, ka sa musu ƙwan LED, ka murza. Zai yi walƙiya, ka yi janareto na gaskiya. Yanzu cire ƙwan, ka murza babu komai a haɗe, ka ji sauƙinsa. Sai ka haɗa wayoyin biyu da juna ka sake murzawa. Ya yi tauri, kamar wani ya riƙe. Babu abin da ya taɓa shi, kuran da ka haifar ne ya yi nasa maganaɗisun, wanda ke ja da juyin da ya haife shi. Lenz ya bayyana wannan a 1834. Ka san shi ma a aikace: da an soka dutsen guga, muryar janareto takan sauya, ya ƙara shan mai.

Na biyu, ciro maganaɗisun da ke cikin mataccen faifan ajiya na kwamfuta, ka jingina murfin tukunyar alminiyom mai kauri, irin ƙirar gida, ka sake shi a kai. Maganaɗisu ba ya kama alminiyom, amma za ka ga yana saukowa a hankali. Saki guntun ƙarfe ko dutse mai nauyinsa a wurin ka ga bambanci. Motsinsa ya tayar da kuran a cikin murfin, kuran kuma ya taka masa birki.

Duk wat ɗin da ya fita ta waya sai wani ya biya shi ta wajen juyi, ko fetur, ko iska, ko ruwa, ko damtsenka, kuma kullum abin da ya fita bai kai abin da aka zuba ba, saboda zafi da gogayya. Fankar da aka ce tana juya janareto shi kuma yana juya ta, za ta tsaya cikin ƴan daƙiƙu. Kai da ke kwance babur kullum, buɗe murfin gefen injin ka dubi maganaɗisun da ke cikin fulawil da naɗin da yake zagayawa, shi ne wannan injin firintar a babba. Kuɗin da ka tara kuwa, ka sayi mita da ƙaramin faifan sola, ka auna volt da kuran da yake bayarwa da hantsi da azahar, ka sake aunawa bayan ka goge masa ƙurar hunturu, ka aiko min da lambobin mu buga su a fitowa ta gaba.